Tambayoyi da amsoshi kan mallakar ƙirƙira: na'urorin leza, sadarwar masana'antu da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta

Injiniyan da ke haɗa na'urar auna nisa da hasken leza, da mai girka wayoyin sadarwa tsakanin injinan masana'anta, da mai dama sinadarin goge teburin tiyata, ba sana'arsu ɗaya ba. Amma da zarar an taɓo maganar mallakar ƙirƙira, tambayoyinsu kan zo iri ɗaya: me aka mallaka, wa ya mallaka, zuwa yaushe, ni kuma me ya halatta in yi? Ga waɗanda suka fi yawan dawowa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Bayani ne na gaba ɗaya. Wanda zai zuba kuɗinsa sai ya nemi lauyan da ya ƙware a fannin.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira, kuma me take bai wa mai ita?

Takarda ce da hukumar wata ƙasa ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu ko sabuwar hanyar yin abu. Ciniki ne tsakaninsa da jama'a. Shi zai bayyana yadda abin yake dalla-dalla, har wani gwani a fannin ya iya yin irinsa, ita kuma hukuma ta ba shi ikon hana kowa ƙerawa, sayarwa ko shigo da abin na wani lokaci. A yau lokacin shekara 20 ne daga ranar shigar da buƙata, kamar yadda yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta tsayar tun 1995. Tsarin kansa tsoho ne, domin birnin Benis na Italiya ya kafa dokarsa tun 1474.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne a nan: takardar iko ce ta hana wasu, ba izinin sayarwa ba ce. Kana iya mallakar sabon gilashin tattara haske a na'urar leza, amma idan na'urar ba ta aiki sai da wata da'irar lantarki da wani ya riga ya mallaka, dole ka nemi lasisinsa kafin ka kai kasuwa.

Waɗanne sharuɗɗa ƙirƙira za ta cika kafin a yi mata rajista?

Uku ne manya. Ta zama sabuwa, ba a taɓa bayyana ta a ko'ina a duniya ba. Ta zama ba abin da kowane gwani a fannin zai hango da kansa ba ne. Sannan ta zama mai amfani a aikace. Sharaɗin farko shi ya fi kayar da mutane, kuma sau da yawa da hannunsu suke kayar da kansu: wanda ya nuna na'urarsa a bajekoli ko ya wallafa ta a intanet kafin ya shigar da buƙata ya ɓata sabuntarta. Amurka tana ba da rangwamen shekara 1 ga mai ƙirƙirar da ya bayyana abinsa, amma a Turai babu irin wannan rangwamen sai a wasu 'yan wurare ƙalilan.

Fannin kulorin yana da tsohon darasi a kai. Charles Tennant na Sikotilan ya yi rajistar ruwan faranta tufafi a 1798, kotu ta soke ta a 1802 saboda an samu waɗanda suka riga shi amfani da hanyar. Abin da ya cece shi takardar garin kulorin ce ta 1799, wadda a kanta ya gina masana'antarsa a Gilasgo.

Takardar tana da shafuka da yawa. A ina ainihin mallakar take?

A sashen da'awa, wato jerin jimlolin nan masu lamba da suka fayyace abin da aka mallaka. Sauran shafukan, da zane-zane da dogon bayani, taimako ne wajen fahimta. Da'awa kamar iyakar gona ce: abin da ke ciki na mai gona ne, abin da ke waje ko da taku ɗaya ne ba nasa ba ne. Don a ce ka keta haƙƙi, sai an samu kowane sashe na da'awar a cikin na'urarka ko haɗinka. Idan da'awa ta lissafa abu biyar, naka yana da huɗu, galibi ba ka shiga ba, kodayake kotuna kan duba ko ka musanya na biyar ɗin ne da wani abu mai aikinsa sak.

Saboda haka taken takarda ba ya gaya maka komai. Za ka ga take mai faɗi kamar "tsarin auna nisa da haske", ka tsorata, alhali da'awar ta taƙaita ga wata hanya guda ta jera madubai. Akwai misali a amsar da ke magana kan na'urorin auna nisa.

Wa ya mallaki leza ita kanta?

Yanzu babu kowa, amma an kai ruwa rana kafin a zo nan. Theodore Maiman ne ya fara kunna leza mai aiki a ranar 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken Hughes da ke Kalifoniya, da dutsen yaƙutu. Takardar farko kuwa Charles Townes da Arthur Schawlow ne suka samu a 1960, bisa buƙatar da aka shigar a 1958. A gefe guda akwai Gordon Gould, ɗalibi a Jami'ar Kolombiya, wanda ya rubuta tsarin a littafinsa a Nuwamba 1957, har ya sa aka buga masa hatimin shaida. Sai dai ya ɗauka cewa dole ya ƙera na'ura mai aiki kafin ya nemi rajista, bai shigar da buƙata ba sai a 1959.

Kusan shekara 30 ya yi yana shari'a. Ya samu babbar takarda ta farko a 1977, wata kuma a 1987. A wancan zamanin Amurka na ƙirga shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takarda, ba daga ranar nema ba, don haka faɗuwa ta zo masa daidai da zama: takardunsa sun fara aiki a lokacin da leza ta cika asibitoci, masana'antu da shaguna. Da ya samu a 1960, da sun ƙare tun kasuwar ba ta girma ba. Irin wannan ba zai sake faruwa ba, saboda tun 1995 daga ranar nema ake ƙirgawa, tun 2013 kuma Amurka ta koma bai wa mai ƙirƙirar da ya riga shigar da buƙata fifiko.

To idan leza ta kowa ce, me ya rage a mallaka a na'urorin auna nisa?

Dabarar asali ba ta da mai ita: a harba haske, ya bugi abu ya dawo, a auna lokacin da ya ɗauka. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa daga abin da ke nisan mita 100 bai kai kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa ba. Kuskuren kashi 1 cikin biliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren santimita 15. Wahalar kenan, kuma a nan ake ƙirƙira: agogon da zai kama wannan ɗan lokaci, hanyar tace hasken rana, hanyar hana lezar wata mota ruɗa taka, da yadda za a karkata hasken ya share fili, ko da madubi mai juyawa ko ba tare da komai na motsi ba. Har launin hasken zaɓi ne mai nauyi. Mai tsawon zango nanomita 905 yana da arha domin silikon na ganinsa. Mai 1550 ba ya kai wa ga bayan ido, don haka ana iya ƙara masa ƙarfi, amma na'urar da ke ganinsa tana da tsada.

Dubi takardar kamfanin Velodyne mai lamba US 7,969,558, wadda David Hall ya samu a 2011 bayan na'urarsa mai leza 64 ta yi suna a gasar motoci marasa direba ta 2007 a Amurka. Da'awar farko ba ta ce ya mallaki lidar, wato na'urar auna nisa da leza, ba. Ta ce tarin lezoji da tarin wani nau'in na'urorin karɓar haske, a cikin gida ɗaya, suna juyawa aƙalla sau 200 a minti. Wannan 'yar jimla ta isa kamfanin ya maka Hesai da RoboSense na Sin a kotu a 2019. Wanda ya ƙera lidar da ba ta juyawa kuwa, wannan da'awar ba ta shafe shi ba.

Shari'ar Waymo da Uber ma a kan takardar mallaka ce?

Galibi a'a. Waymo, kamfanin motoci marasa direba, ya kai kamfanin Uber ƙara a Fabrairu 2017 yana zargin wani tsohon injiniyansa, wanda ya koma Uber, da kwashe fayiloli kusan 14,000 kafin ya bar aiki, ciki har da zanen allon lantarkin lidar. Da aka zo zaman kotu, a kan sirrin kasuwanci aka tsaya. An sasanta a Fabrairu 2018, Uber ya ba da hannun jari na kimanin dala miliyan 245.

Sirrin kasuwanci kishiyar takardar mallaka ne: ba ka bayyana komai, ba shi da wa'adi, amma ranar da wani ya gano shi da ƙoƙarinsa ko ta hanyar kwance na'urarka, shi ke nan. Shi ya sa kamfanoni kan yi rajistar abin da ido zai gani idan an buɗe na'ura, su ɓoye abin da ba a gani, kamar yadda ake saita ta a masana'anta.

Ana cewa Modbus, CAN da EtherCAT, waɗanda injina ke sadarwa da su, ƙa'idoji ne "a buɗe". Kenan babu mai su?

"A buɗe" na nufin an wallafa bayanin kowa ya karanta. Ba lalle ya zama kyauta ba. Kowace ƙa'ida da labarinta. Modbus ta fito daga kamfanin Modicon a 1979 don na'urorin sarrafa injina, kuma a 2004 Schneider Electric ya miƙa ta ga wata ƙungiya mai zaman kanta. Ba a biyan ko kwabo, shi ya sa har yau take cikin mitocin wuta da famfuna duk da tsufanta da rashin tsaronta.

CAN ta Bosch ce, an gabatar da ita a 1986 don motoci, ta zama mizanin ISO 11898 a 1993. Dabararta mai kyau ce: idan na'urori biyu suka fara magana tare a waya ɗaya, mai ƙaramar lambar saƙo ce ke ci gaba, ɗayar ta yi shiru ta jira, ba tare da saƙon ya lalace ba. Takardun farko sun ƙare, amma a 2012 Bosch ya fito da CAN FD, wadda ta ɗaga saƙo daga bayit 8 zuwa 64, da sababbin takardu. EtherCAT ta Beckhoff ce, daga 2003. A cikinta saƙo ɗaya ne ke ratsa duk na'urorin, kowace ta ɗebi nata ta zuba nata yana wucewa, ba tare da ya tsaya ba. A fasahar rediyo ta LoRa, ƙa'idar LoRaWAN a buɗe take, amma hanyar sarrafa siginar mallakar Semtech ce.

Ga mai sayen kaya, yawanci ba abin damuwa ba ne, domin kuɗin lasisin na cikin farashin ɗan guntun lantarkin da mai ƙera na'urar ya saya. Wanda zai ƙera guntun da kansa shi ne zai zauna da mai takarda.

Idan mizanin da kowa ya bi ya ƙunshi mallakar wani, ba zai shaƙe kowa ba?

Wannan fargabar ce ta sa hukumomin tsara mizani irin su IEEE, IEC da ISO kan nemi mai takarda ya bayyana ta, ya kuma yi alkawarin ba kowa lasisi bisa adalci, farashi mai ma'ana, ba tare da nuna bambanci ba. A taƙaice ana kiran alkawarin FRAND. Matsalar ita ce babu wanda ya rubuta nawa ne "mai ma'ana", sai kotu. A 2015 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Huawei da ZTE, ta shimfiɗa matakan ciniki da ɓangarorin biyu za su bi kafin mai takarda ya nemi a hana sayar da kaya.

A masana'antu an sha wata wahalar daban. An yi shekaru ana neman ƙa'ida guda da duk injina za su bi, kowane babban kamfani ya kafe a kan tasa, har mizanin IEC 61158 ya fito a 2000 ɗauke da iri takwas da ba sa jin maganar juna. Sulhu aka kira shi, amma mai girka injina ne ya biya kuɗinsa.

Ana iya mallakar manhaja?

Da sharaɗi. Dokar Turai ta cire manhajar kwamfuta ita kaɗai daga abin da ake yi wa rajista, amma tana karɓa idan manhajar ta warware wata matsalar fasaha, kamar daidaita agogon injina a kan waya ko tace tarin ɗigon da lidar ta auno. A Amurka hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Alice ya rufe ƙofar ɗaukar tunani zalla a ce "a yi shi da kwamfuta". Rubutun manhajar kansa kuwa haƙƙin mawallafi ne ke kare shi, wanda doka ce daban.

Kulorin da etanol tsofaffi ne. Me ake mallaka a sinadaran kashe ƙwayoyin cuta?

Yawancin sinadaran da ke yin ainihin aikin sun daɗe da zama na kowa. Semmelweis ya sa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin a Biyana tun 1847, Lister ya wallafa yadda yake amfani da sinadarin kabolik a tiyata a 1867, Gerhard Domagk ya bayyana ƙarfin benzalkoniyam a 1935, kamfanin ICI na Ingila ya fito da kuloheksidin a shekarun 1950. Abin da ake nema yau haɗi ne da hanya: me aka gauraya, kashi nawa, a wane matakin tsami, don ya yi sauri, ya daɗe a kwalba, kada ya ci ƙarfe ko fata. Haidurojin feroksaid, alal misali, yana rikiɗewa ya koma ruwa da iskar oksijin, don haka akwai takardu masu yawa kan yadda za a riƙe shi kuma a hanzarta aikinsa. Haka ma injinan feshi, ƙyallayen gogewa da fitilun haske mai kashe ƙwayoyi.

Gauraya sanannun abubuwa biyu kawai ba ta wadatar, domin kowane gwani zai iya tunaninta. Duba amsar sharuɗɗa. Mai nema kan kawo sakamakon gwaji da ke nuna cewa haɗin ya yi abin da ya zarce jimillar aikin kowane ɗaya, ko ya yi abin da ba a zata ba.

Idan an rubuta a kwalba cewa haɗin yana da takardar mallaka, ya tabbata yana kashe ƙwayoyi?

Ko kaɗan. Ofishin rajista yana duba sabunta ne, ba ya gwada kwalbar da ke kanti. Masu tabbatar da aiki daban ne: a Amurka hukumar kare muhalli EPA ce ke rajistar na goge wurare, FDA kuma na shafawa a fata, a Tarayyar Turai doka mai lamba 528/2012 ce. Akwai kuma mizanan gwaji. EN 1276 na neman a rage bakteriya da kashi 99.999 cikin 100, EN 14476 kuma a rage bairos da kashi 99.99.

Abin dubawa a kwalba shi ne lambar rajistar hukuma, sunan ƙwayoyin da aka gwada, da mintunan da wurin zai zauna a jiƙe. Wanda ya fesa ya goge nan take, alhali an ce a bari minti 5, ya yi shara ne kawai. Kuma kada neman "sabon haɗi" ya sa kowa gauraya kulorin da abu mai tsami ko da amoniya. Iska mai guba ke tashi.

Zan iya haɗa ruwan tsabtace hannu ba tare da na taka haƙƙin kowa ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa haɗi biyu don kowa ya yi. Na farko etanol ne kashi 80, gilisarol kashi 1.45, haidurojin feroksaid kashi 0.125, sauran ruwa mai tsabta. Na biyu aisofurofil ne kashi 75 a madadin etanol. Gilisarol don kada hannu ya bushe ne, feroksaid ɗin kuma ba don hannu aka sa shi ba, don kashe ƙwayoyin da ka iya ɓuya a cikin ruwan ne. Abin da aka riga aka wallafa haka ba wanda zai zo daga baya ya yi masa rajista. Sayarwa kuwa tana buƙatar izinin hukumar ƙasar da kake, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna, kuma metanol ba ya maye gurbin etanol: guba ne.

Akwai takarda ɗaya da ke aiki a duk duniya?

Babu. Kowace takarda a ƙasar da ta ba da ita take aiki, ko a yankin da ya haɗa ofishi, kamar Ofishin Turai da ke Munik. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba mai nema wata 12 ya kai buƙatarsa wasu ƙasashe da ranar farko. Yarjejeniyar PCT, wadda hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, WIPO, ke gudanarwa daga Janeba kuma ƙasashe sama da 150 ke ciki, tana ba shi damar shigar da buƙata guda ya jinkirta zaɓen ƙasashe har kusan wata 30. Jinkiri take saya masa, ba takarda ba. Abin da aka yi wa rajista a Jamus kaɗai ana iya ƙera shi a ƙasar da ba a yi ba, muddin ba za a shigar da shi Jamus ba.

Ta yaya zan bincika ko wani ya riga ni?

Espacenet, Patentscope da Google Patents kyauta ne, kuma Espacenet kaɗai na ɗauke da takardu sama da miliyan 100. Neman kalma ba ya isa, domin lauyoyi kan kauce wa sunan da kowa ya sani. Lambobin rukuni sun fi: G01S 17 na lidar, H04L na aika bayanai, G05B na sarrafa injina, A01N na sinadaran kashe ƙwayoyi, A61L na hanyoyin tsabtace kayan aiki. Lura da harafin da ke bayan lamba: A yawanci buƙata ce da aka wallafa, B kuma wadda aka amince da ita, sau da yawa da da'awar da aka rage mata faɗi sosai. Buƙatu kan zauna a rufe wata 18 kafin a wallafa, saboda haka akwai abin da bincike ba zai nuna ba komai ƙwarewar mai yinsa.

Me ke faruwa bayan shekara 20?

Abin ya zama na kowa, kuma da yawa ba sa kai wa nan: idan mai takarda ya daina biyan kuɗin sabuntawa, wanda a Turai duk shekara ne, a Amurka kuma sau uku, sai ta mutu. Wasu kuma wa'adinsu kan ƙare kafin kasuwa ta iso. Norman Woodland da Bernard Silver sun samu takardar lambar zane ta kaya a 1952, ta ƙare a 1969, ba a karanta lambar UPC ta farko, irin wadda ke kan kayan kanti, da leza ba sai a Yuni 1974, a garin Troy na jihar Ohayo.

Sunan kaya ne ba ya ƙarewa muddin ana sabunta rajistarsa. Dettol yana kasuwa tun 1933, kuma kowa na iya haɗa ruwa da sinadarin kuloroksailinol da ke cikinsa, amma ba zai sa wa kwalbarsa wannan suna ba. Haka tambarin EtherCAT ko na PROFINET, wata ƙa'idar sadarwar injina: ko da takardun fasahar sun ƙare, sai na'ura ta cika sharuɗɗan ƙungiyar da ke riƙe da tambarin kafin a manna mata shi.